Makullin Baba Datti

Obiora ya riga ya tada kekensa mai ƙafa uku, Ubaidullahi tela yana kujerar baya rungume da maƙwabcinsa Baba Datti, sai suka tarar da get ɗin layin a garƙame.

Litinin ce, ranar da rabin Enugu ke zaman gida na dole. Tun da ɓarayi suka fasa shaguna biyu, masu gidajen wannan layi na unguwar Uwani suka kafa ƙaton get na ƙarfe. Baba Datti, da ke gyaran takalma a gindinsa, shi ya riƙe makullin shekara shida, rataye a wuya. Sai dai tsohon bai iya cewa a'a ba. Wata Litinin ya buɗe wa mai naƙuda, wata ya buɗe wa motar ruwa. Aka yi taro aka ce yana wasa da tsaro, aka karɓe makullin aka ba ciyaman ɗin layin. Shi kuwa ciyaman tun Asabar ya tafi ƙauye cin biki.

"Sake kiransa mana!" in ji Ubaidullahi.

"E no dey pick," Obiora ya ce, waya a kunne, wato ba ya ɗauka.

Ubaidullahi ya sauko ya ɗauki dutse ya hau dukan kwaɗon. Tsoro ya kama shi, don tun hantsi tsohon ke dafe ƙirji, yanzu kuma gumi ya jiƙa masa riga.

"Ubaidu," Baba ya kira shi a hankali, "bar wahalar da kanka. Kwaɗon nan mai kyau ne, ni na zaɓo shi."

Ƙaramar ƙofar gefe mutum kawai take ci. Rabi'atu mai tuwo ta zubar da itacen da ke cikin baronta, ta shimfiɗa zane. Suka fito da Baba ta nan, suka kwantar da shi a baron, suka kama turawa. Titi fayau, ko keke ɗaya babu, asibiti kuma da nisa. Kafin su kai mahaɗa Obiora ya tsaya, ya cire hularsa.

Ciyaman ya dawo ranar Talata, ya zo gaisuwar mutuwa har da lemo katan guda. Ubaidullahi ya amsa masa a taƙaice, don haushi bai sake shi ba.

Tun ranar Litinin ɗin, Ubaidullahi ne ya taya liman wankan gawar. Da suka cire wa Baba riga, igiyar makullin tana nan a wuyansa, ta yi baƙi da gumi, babu komai a jikinta.