Irin da Baba Ya Gauraya

…kuma ba ɗaya ba ne, in ji ta. Nan maganar ta tsaya mini, Baba. Ina zaune a tashar Tawa, ƙarƙashin rumfar kwano, ɗiyata Tanna ta shiga layin tikiti, ni kuwa ina ta juya zancen likitar Yamai kamar mai dama fura. Ba ɗaya ba ne.

Ni da na ɗauka ciwon daji ƙulli guda ne. An yanke nonon, an yi mini ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, ƙulli ya tafi. Na koma Kalfu, na yi noma, na yi sussuka, har na manta. Yanzu ga shi a hammata. Ƙarami, da tauri, kamar ƙwallon aduwa. Ba ya ciwo ma. Yana nan dai.

Sa'adiyya sunanta, likitar. Yarinya ce, ba ta kai Tanna ba, amma ba ta gaggawa. "Inna Raƙiya," ta ce, "kowace ƙwayar jiki tana ɗauke da rubutun yadda za ta zama. In za ta rabu biyu, sai ta kwafe shi. Na ciwon nan ba su iya kwafi ba, kowace da irin kuskurenta. Mun aika guntun naman da muka ciro a hammatarki, an karanta. Gida ɗaya suka fito, amma sun zama dangi-dangi. Maganin farko ya kashe masu yawa. Ƴan kaɗan da ba su jin shi, su ne suka tashi."

Su ne suka tashi…

Tabarma a gindin rumbu. Kai a zaune, ƙafafu a miƙe, ƙorai uku a gabanka — hatsi mai dogon kai, hatsi mai saurin nuna, da ɗan baƙin nan da tsuntsu ba ya so. Ka juye su wuri ɗaya, ka sa hannu har gwiwa kana gaurayawa. Ni ina riƙe bakin buhu. Maƙwabcinmu Dodo ya leƙo ta saman danga: "Alƙasum, gonarka fa kasuwar Barmu ce, dogo da gajere, kowa da garinsu!" Ko ɗaga kai ba ka yi ba. "Dodo, ka san mi sama za ta yi bana? Ni ban sani ba."

Wani ɗan kabu-kabu a kan babur yana ta danna mini oda. Ba inda za ni, ɗana. Ko da za ni, ba a kan wannan ba.

Shekarar da ruwa ya ɗauke tsakiyar damina, gonar Dodo ta tsaya cak, dogayen kara ba ƙwaya. Tamu ma ta mutu — kusan duka. Amma mai saurin nunan ya riga ya yi ido. Ɗai-ɗai, nan da can, tsakanin gawarwaki. Shi muka ci. Shi muka shuka da ruwa ya dawo. Ka ce mini, kada ki taɓa zuba iri ɗaya a rami, ƴar nan. Bala'i ɗaya ba ya cinye dangi uku.

To ga shi. Wa ya koya wa wannan abu? A jikina ya tashi, abincina ya ci… ko yana jin ka ne ta cikina? Ban ji haushinsa ba, abin mamaki. Manomi ne. Ya yi abin da mai hankali yake yi.

Hadari yana haɗuwa gabas, wajen gida. In na shiga motar nan, shuka ta wuce ni. Watanni a Yamai, ɗakin nan mai sanyi, allura a jijiya, amai, bakina kamar na tsotsi ƙarfe. In ban shiga ba — gona, rumfar ƙofar gida, da abin hammata yana shukarsa ina tawa. Wace ce ta fi tsawo? Ba wanda ya faɗa mini. Sa'adiyya ma ba ta yi alkawari ba. Cewa ta yi kawai wannan karon magani biyu za su haɗa, wanda ya tsere wa ɗaya, ɗayan ya tare shi. Su ma sun fara gaurayawa. Na so in yi dariya, ban yi ba.

Wata mai tallar cuku ta zauna kusa da ni, tana kallon ƙullin da ke bakin zanena. Ta ɗauka goro ne. Iri ne, Baba. Naka. Da asuba na ɗebo a rumbu, ban san dalili ba. Wa ke kai iri asibiti?

Abin da ban tambaye ka ba… gonar da aka shuka haka, me ke gama ta? Ban taɓa ganin ta ƙare ba. Fari bai gama ta ba, fara ba ta gama ta ba. Sai dai in ƙasar ce da kanta ta—

"Inna! Taso, an fara kira!"

Tanna ce, tikiti biyu a sama, tana yi mini hannu. Iska ta juyo, da ƙamshin ruwa a cikinta. Na dafa benci. Ƙullin irin yana tafin hannuna, ƙwaya uku-uku, kowace tana jiran shekararta… ƙafata ɗaya ta taka ƙasa, ɗayar kuwa ban san me take jira ba.