Gayyar Madafa a Gidan Malam Nababa

Mutumin da ya fara rushe madafar gidansa don ya faɗaɗa ta a Kwarin Gamji, cikin ƙasar Tofa, shi ne marigayi Alhaji Mati mai fataucin gyaɗa, kuma ya yi hakan ne shekara biyu bayan samun mulkin kai, lokacin da dalar gyaɗa take tsaye a Kano. Kafin shi ba a taɓa jin wanda ya ƙara wa ɗakin girki ko taƙi ɗaya ba. Yadda mutum ya gaje shi haka yake barinsa, domin a wannan yanki ƙasa ba ta da rara, inda katangar gida ta ƙare nan kunyar gona take farawa. Alhaji Mati ya kira gayya, ya ciyar da ita, aka gama lafiya, aka daɗe ana buga misali da shi. Na biyu shi ne Malam Nababa, kuma nasa labarin ya cancanci a tsara shi daki-daki.

Abin ya faru ne a shekarun nan na tsuke bakin aljihu, lokacin da fari ya biyo bayan fari, masaƙun Kano kuma suka riƙa sallamar ma'aikata. 'Ya'yan Malam Nababa biyu suka dawo gida da matansu da yaransu, babu abin da suka zo da shi sai akwatuna da rediyon da ba shi da batir. Gidan da yake cin tukunya ɗaya ya koma cin biyu. Rumbu kuwa ɗaya ne ya rage da gero a ciki, kuma shi ne zai kai gidan kaka, a cikinsa har da irin shuka.

Malam Nababa dattijo ne da ko duba shuka zai je sai ya sa babbar riga, kuma ba ya yanke magana sai ya ambaci wanda ya taɓa yin irinta a baya. Wata rana da hantsi matarsa Sakinatu ta same shi a zaure, tana dafe da goshi.

"Malam, madafar nan ta yi mana kaɗan. Yanzun nan matar ɗanka Muntaka ta juya da muciya ta same ni a nan. Mu uku muke ciki kamar kaji a akurki."

"Za a faɗaɗa ta," in ji shi.

Ita dai so take ya ce a kafa rumfar kara a gefe. Amma maganar ta riga ta fita daga bakinsa, kuma bai saba mayar da abin da ya furta ba.

Da yamma ya zauna ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida da ƙaramin ɗansa Muntaka, domin a yi lissafin abin da aikin zai ci. Muntaka ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, da an bari sai bayan kaka. In kuwa dole ne, a ɗauko magini ɗaya a yi jinga da shi, a san iyakar abin da zai fita."

"Jinga. Alhaji Mati jinga ya yi?"

"Ban sani ba, Baba, ba a haife ni ba."

"To ka saurara. Ƙasa tana kududdufi, ba a saye. Ruwa yana rijiya. Ciyawar kwaɓi tana bayan gida. Azara ce kaɗai take son kuɗi, ita kuwa bunsurun can zai je kasuwar Bici ya dawo da ita. Hannu kuma gayya ce. Nawa ka ga an kashe?"

"Abincin 'yan gayya fa?"

Malam Nababa ya dube shi irin duban da ake yi wa wanda birni ya ɓata. "Mutum goma ne za su zo, in sun yi yawa. Alhaji Mati sai da ya bi gida-gida yana roƙo kafin ya samu takwas. Dami biyu ya ishe su. Wanda yake ƙirga lomar baƙonsa kuwa ba dattijo ba ne."

Lissafin ba shi da aibu sai guda ɗaya. Alhaji Mati ya kira tasa gayyar a zamanin da kowa yake da ƙoshi a gidansa, ana guje wa tuwon wani.

Aka sanar bayan sallar Juma'a. Washegari, kafin rana ta ɗago, ƙofar gidan Malam Nababa ta cika kamar ranar suna. 'Yan unguwa sun zo, 'yan ƙauyukan kewaye sun zo, har da wasu daga wajen Rijiyar Zaki da babu wanda ya san su. Wani ya zo da fartanya, wani da kwando, wani bai zo da komai ba sai cokalin ƙwarya a aljihu. Al'ada kuwa ba ta yarda a kori wanda ya amsa gayya ba, ko da inuwa ya zo sha.

A gabansu duka akwai Ɗanliti, taubashin Malam Nababa, wanda shi ɗan namiji ne, Malam Nababa kuwa ɗan mace, don haka yana da ikon faɗa masa abin da ya ga dama. Ba wanda ya naɗa shi, amma shi ya zama shugaban aiki.

"Bawana, ka ga farin jininka?" in ji Ɗanliti. "Shiga ka ce wa Sakinatu ta aro tukunyar biki."

Kafin azahar an rushe tsohuwar madafa, mata suka koma girki a fili kan duwatsu uku. Aka kwaɓa ƙasa, aka cura tubali, aka shanya. Kowa ya san tubali sai ya sha rana kafin a yi gini da shi, kuma a kwanakin nan babu aikin yi. Duk da haka washegari sai ga mutane sun dawo cif. Malam Nababa ya fito ya yi gyaran murya ya ce yana jin yau hutu ne.

"Hutu?" in ji Ɗanliti. "Wa zai juya tubalin? In gefe ɗaya ya bushe ya bar ɗaya, kai za ka zarga. Sannan ga awakin unguwa."

Haka ƙarti suka yini suna juya tubali suna tsaronsa daga awaki, da azahar kuma suka wanke hannu.

Ranar da za a fitar da tushe, Malam Nababa ya ɗauki sandarsa ya ja layi a tsakar gida, daidai tsawon azarar da aka sayo, wadda take jibge a gindin katanga kowa yana ganinta. Ɗanliti ya tsaya a kan layin ya daɗe yana kallo, sannan ya girgiza kai.

"Shi ke nan? To, ai kowa da ƙarfinsa. Ta Alhaji Mati dai ni na shiga da ƙafata. Sa yana iya juyawa a ciki."

Jama'a suka yi gunaguni na tausayawa. Malam Nababa ya shafe layin da ƙafa ya ƙara gaba.

"Ɗan maraƙi dai zai juya," in ji wani daga baya.

Ya sake ƙarawa. Muntaka ya matso ya ce a hankali, "Baba, azarar," amma uban ya ɗaga masa hannu, domin ba a gyara wa dattijo magana a gaban taro. Duk wanda yake wurin ya san azara ba ta miƙewa kamar danƙo. Amma kowa ya san kuma cewa faɗin ɗaki shi ne tsawon aiki, tsawon aiki kuwa shi ne yawan tuwo, don haka ba wanda ya ga dalilin tsoma baki.

Gini ya riƙa tashi sahu-sahu, kowane sahu sai an jira ya sha iska, kuma ana jiran ne a gidan Malam Nababa. A farkon aikin, Muntaka yakan hau tsani ya miƙa hannu ta bakin rumbu ya zaro dami. Daga baya sai ya shiga, ana hango shi daga ƙugu zuwa sama. Malam Nababa yana ganin wannan ta wutsiyar ido, yana kawar da kai. Sai wata safiya Sakinatu ta tare shi a bakin ɗakinsa.

"Malam, yau da yaron nan ya shiga rumbu, ko hularsa ba a gani daga waje. Muryarsa ma amsa-kuwwa take yi."

"Allah ne mai ciyarwa."

"Shi ne. Amma da Ya tashi ciyar da mu bana, a rumbun nan Ya zuba. Ka hau ka gani, kada ka ce mace ce ta faɗa."

Ya jira har 'yan gayya suka tafi kududdufi ɗebo ƙasa, sannan ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa ya hau tsanin da kansa. Ya leƙa. Damman da suka rage sun kwanta can ƙasa, ga zangarniyar iri da aka ware a gefe, tsakaninta da tukunya bai wuce 'yan kwanaki ba. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, sai ya ga gajimare ya fara haɗuwa. Ya sauko a hankali, ya sauke rigarsa, ya daɗe yana karkaɗe ƙurar da babu ita.

A ranar ne aka ɗaga azara ta farko. Aka ɗora kanta a kan bango ɗaya, ɗaya kan kuwa ya tsaya a tsakiyar ɗaki yana lilo, mutum biyu suna tallafe da shi. Kowa ya nuna mamaki gwargwadon iyawarsa.

"Ashe gajera aka sayar maka, bawana," in ji Ɗanliti. "Amma abin da sauƙi. Ko a rushe bangon yamma a matso da shi, ko a gina ginshiƙai a tsakiya, a jira su bushe sosai. Ni na fi son ginshiƙai. Ba a gaggawa a kansu."

Fuskoki suka washe. Malam Nababa ya tsaya riƙe da sandarsa. Ba zai iya cewa a watse ba, domin ba a taɓa yi ba. Ba zai iya cewa hatsinsa ya kusa ƙarewa ba, domin gara ya kwana da yunwa da ya faɗi haka a gaban mutanen Rijiyar Zaki. Sai ya yi gyaran murya.

"Jama'a, Allah Ya saka da alheri. Na tuna wata ƙa'ida da na kusa mantawa, kuma da na keta ta da na ji kunyar magabata. A gayyar Alhaji Mati, daga sa'ar da aka ɗaga azara ta farko, ba a ƙara hura wuta a fili ba. Tuwon da ya rage, a cikin sabuwar madafa aka tuƙa shi, ƙarƙashin rufinta. Sakinatu, a kashe wutar nan."

Aka ji ƙarar ruwa a kan garwashi tun bai rufe baki ba.

"Ni fa ban ji an yi haka ba," in ji Ɗanliti.

"Ina za ka ji? Kai a ranar kana gindin tukunya kana jiran ƙanzo. A zaure aka yanke, cikin manya."

Aka fashe da dariya, Ɗanliti ma ya yi, domin bai iya rantsewa cewa ba a gindin tukunyar yake ba. Sauran da suka halarci waccan gayya kuwa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu ba sa son a ce ba a sa su cikin manya ba.

Abin da ya biyo baya, ba a taɓa ganin aiki mai sauri irinsa ba a Kwarin Gamji. Maganar ginshiƙai ta mutu nan take. Wani ya tuna yana da gwafa a bayan gidansa, wani ya hau darbejiyar ƙofar gida da gatari. Aka jera gwafanni a tsakiyar ɗaki, aka gitta itace a kansu, aka shimfiɗa azara iya inda ta kai, aka bi da zana da ƙasa. Ragowar rabin aka rufe shi da karan da mata suka tara don girkin damina. Mutumin nan mai cokali a aljihu, shi ne ya fi kowa gudu da kwando. La'asar ba ta yi sanyi ba sai ga hayaƙi yana fita ta ƙofar sabuwar madafa.

Sakinatu ta tuƙa tuwo, ba mai yawa ba, ta sake shi ruwa-ruwa, ta cika miyar da kuka. Aka ci, aka shafa fatiha, aka fara watsewa. Ɗanliti ya tsaya a bakin ƙofa yana suɗe yatsu, ya ɗaga kai ya dubi rufin zaure.

"Bawana, zauren nan fa na ga ya tsage ta kusurwa."

"Da tsagewarsa na gaje shi," in ji Malam Nababa, "kuma da ita zan bar wa na baya."

To, ga abin da aka samu. An samu madafa mai ɗaukar tukunya ashirin a gidan da ya koma ɗora ɗaya, sau ɗaya a yini, rabinta ba ya yoyo, rabinta kuwa sai an tara ƙwarya. An samu gwafanni a tsakiya da sai da mata suka daɗe kafin su koyi kewaya su da tulu a ka. Bunsuru ya tafi, darbejiya ta rasa inuwarta ta yamma, karan girki yana bisa kai ana dubansa. Abin da aka riƙe kuwa shi ne irin shuka, bai ragu da ko zangarniya ɗaya ba, da geron da ya lallaɓa da taimakon tafasa da rama har ya sadu da tumun farko. Malam Nababa kuma ya riƙe girmansa cif, domin har ya koma ga Allah babu wanda ya taɓa jin ya ce hatsinsa ya yi ƙasa.