Ƙaiƙayin Kumbo

Tun ba a san Nasara ba, lokacin da ayarin gishiri ke yada zango a Illela kafin ya wuce Sakkwato, akwai wata Bafulatana mai tallan nono, Kumbo, matar Jaɓɓo. Damina uku ke nan shawara ta kama ta, irin wadda ba ta kisa da wuri, ba ta kuma saki. Ido ya yi rawaya, ya washe, ya sake komawa. Man shanun da take kaɗawa da hannunta, in ta lasa sai ta wuni riƙe da haƙarƙarin dama. An sha jiƙon saiwa har an gaji.

Duk wannan da sauƙi. Ƙaiƙayin ne bala'i, a tafin hannu da tafin ƙafa, can ƙarƙashin fata, ba ƙurji ba komai. Ga kuma fulako, kunyar Fulani: ɗiyar mutunci ba ta susa a gaban jama'a. Sau ɗaya tak ta kasa daurewa a kasuwa, ta goga hannu a bakin ƙwarya. Shi ke nan, aka ce ƙazuwa ce. Mutane kuwa, ba su tambaya, sai dai su koma wata ƙwaryar.

Gida ɗaya ya rage mata, gidan Malam Ma'aruf, inda matarsa Kaltume ke karɓar kindirmo ta auna mata gero. Da geron nan ake tuwo a rugar Jaɓɓo. Sai dai Kaltume akwai doguwar gaisuwa, har maruƙa sai ta tambaya. Kumbo ta koyi dabara: ta ƙi tabarma, ta tsaya a rana, ta dasa ƙafafu kan ƙasa mai zafi, zafin ya danne ƙaiƙayin har a gama awo.

Ran nan hadari ya rufe rana, ƙasa ta yi sanyi. Kumbo na tsaye, zufa na bin wuyanta, yatsun ƙafa na tonon ƙasa. Kaltume ta ajiye mudu, ta shiga madafa, ta fito da totuwar masara.

"Ungo, sosa," in ji ta. "Ba kowa, Malam ya fita. Hakanan innata ta yi shekara bakwai da shi. Ba ƙazuwa ba ce, hanta ce, ba a ɗauka. Tun bara na gane, ni dai tausayinki nika ji."

Tun bara. Ashe duk tsayuwar ranar nan a kan idon mutum aka yi ta. Kunya ta rufe Kumbo, irin wadda ta fi ciwon nauyi.

"Mi zan sosa?" ta ce. "Lafiyata lau."

Ta karɓi gero, ta yi godiya yadda ya kamata, ta ɗora ƙwarya a ka. Ba ta taɓa jikinta ba sai da ta wuce gonakin bayan gari, can ta zauna gindin aduwa ta sosa har jini.

Washegari Kaltume ta ƙara gero a kan na kullum, ta shimfiɗa tabarma a inuwa. Baiwar Allah, ita a ganinta ta sauke wa mutum kaya. Kumbo kuwa ta bi ta bayan masallaci don kada ta gifta ƙofar gidan, ta miƙi hanyar ƙauyen Tozai da ƙwaryarta, inda ba wanda ya san launin idonta na da.