Titin Kawu a Allon Talla

Kamfanin da aka ba kwangilar tallata birnin yana hawa na uku, saman wani shagon tayoyi. Ma'aikata suna kiran mai shi Ƙwaƙwalwa a bayan idonsa, don ba ya gama magana sai ya ƙwanƙwasa goshi da yatsa ya ce, "Duk daga nan yake fitowa." Abin da ke fitowar dai ba wanda ya taɓa gani.

Shi ya ƙirƙiro Shirin Renon Basira. Aka ɗebo matasa masu zane da masu ɗaukar hoto, aka raba musu riguna masu tambarin kamfani, aka jera su a lungun banɗaki inda soket ɗaya ke aiki. Renon ke nan. A cikinsu akwai wata mai ɗaukar hoto da 'yan gidansu ke kira Auta.

Aka ce su fita su kamo "ruhin birni". Auta ta nufi titin da kawunta ke gyaran kekuna. Ta ɗauke shi a tsugune, hannu baƙi ƙirin da giris, yana dariya da giɓinsa, ga teloli da mai sayar da katifa a bayansa.

Ƙwaƙwalwa na ganin hoton ya dafa ƙirji. "Wannan ita ce gaskiya tsantsa! Sai dai a cire kwatar nan. Wayoyin lantarkin ma. Katifun nan suna sa mutum hamma, a sa furanni. Tsohon kuma a cike masa haƙora."

"Ranka ya daɗe, kawuna ne."

"To ai gata muka yi masa."

Kafin mako ya zagayo an cire kawun ɗungurungum, an sa wani saurayi mai farar riga riƙe da kofi, yana yi wa sararin sama murmushi. Ranar ƙaddamar da tallan a otel, Ƙwaƙwalwa ya kira matasan kan dandamali ya ce su 'ya'yansa ne, har da share hawaye. Bai iya faɗin sunan ko ɗaya ba.

A titin kawun aka kafa allon tallan, saman kwatar da aka goge daga hoton. Kawu ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo.

"Auta, wane gari ne wannan?"

"Nan ne, Kawu. Inda kake tsugune."

"Ikon Allah. To, Allah ya kai mu."

Ba a jima ba hukumar birni ta ji cewa masu zuba jari za su zo ganin titin da ke cikin talla. Tunda titin bai yi kama da hotonsa ba, sai aka ga laifin titin. Aka turo motar rusau, ta kwashe rumfar kawu da ta teloli, aka jera tukwanen furannin roba.

Auta ta hau benen tana haki, ta faɗa ofis ba sallama. "An rushe wa kawuna rumfa saboda hotonmu."

Ƙwaƙwalwa ya washe baki. "Kin ga ƙarfin talla ke nan. Mun zana, gari ya bi. Maza ɗauki kyamara ki kamo mana wurin, mu nuna yadda yake da da yadda ya koma."

Ta tsaya tana kallonsa. Ta lura da gaske yake, har ya fara neman biro zai rubuta taken. Ta juya ta sauka, ba ta sake hawa benen ba.

Masu zuba jarin sun zo kuwa. Suka bi ta titin a motoci uku, gilasai a rufe, ba su ko rage gudu ba.

Kawu ya koma bayan tashar mota, ƙarƙashin wata bishiya. Auta ta rataya farin ƙyalle a gefensa tana ɗaukar hoton fasfo. Ran nan wani direba ya ce ta ɗan gyara masa hanci a hoton. Ta ce masa haka ta same shi, in bai yi masa ba ya tafi hawa na uku.