Tabarma a Ƙofar Garejin Su Ulisese

Ƙafafun Pelenato sun daina ciwo tun wajen ƙarfe takwas na safe. Yanzu ba ya ma jin su. Yana zaune ya tanƙwashe su a kan jiƙaƙƙiyar ciyawar ƙofar gidan su Ulisese a unguwar Otara, kansa a sunkuye, an lulluɓe shi da lallausar tabarmar nan mai jajayen fukafukai a baki, wadda kakarsa ta shekara uku tana saƙawa a Samowa. Ta tsakanin zaren saƙar ba abin da yake hangowa sai gindin ƙofar gareji, inda tsatsa ta cinye fenti.

Tun kafin ketowar alfijir suka iso, shi da kawunsa Faleafa da dattawan dangi guda huɗu. Sun zo ifoga. Wanda ya zo neman gafara ta wannan hanya ba ya magana, ba ya ɗaga kai, kuma ba ya cire tabarmar da hannunsa. Sai mutanen gidan da ya yi wa laifi sun fito sun yaye masa ita, in sun ga dama. In ba su ga dama ba, su bar shi rana ta faɗi a kansa.

"Shekarata saba'in da huɗu," in ji Kawu Faleafa daga bayansa, ƙasa-ƙasa, "na raka mutane ifoga saboda jini, na raka saboda mata. Yau ga ni an jiƙa mini zani saboda waƙa. Allah Ya shirye ka, Nato."

Nato bai amsa ba, don ba shi da ikon amsawa. Amma ya riga ya ba shi amsa tun daren da ya je roƙonsa: abin da ya yi wa Ulisese, wato Sese, bai fi kisa sauƙi ba, gawa ce kawai babu.

A cikin garejin nan aka fara komai, shekara ashirin da biyar da suka wuce. Su biyar ne, dukkansu 'yan ƙungiyar mawaƙan coci ɗaya. Ranar Lahadi su sa fararen kaya su rera wa Ubangiji yabo, ranar Litinin su kulle ƙofar gareji su tayar wa maƙwabta da hankali. Nato ne mai jita, kuma ba abin da yake so irin ya ƙure lasifika har sai gilashin taga ya ɗauki rawa. Sese kuwa ba ya kaɗa komai. Littafin rubutu ne da shi mai baƙin bango, da baki mai sauri kamar keken ɗinki. A kan rugugin jitar Nato yake zuba gambararsa, rabi da Turanci, rabi da harshensu na Samowa: labarin ubansa da ya ƙare ƙarfinsa a masana'antar kwali, da na 'yan sandan da ke tare su a tashar bas. A lokacin masu kiɗan rok na ganin 'yan gambara ba su iya kiɗa ba, 'yan gambara na ganin rok kiɗan Turawa ne. Su kuwa suka haɗa biyun a tukunya ɗaya, suka sa wa kansu suna Tama Lima, wato samari biyar.

Aibin Nato ɗaya ne, kowa ya sani: gaggawa. Mai ganga zai ƙirga huɗu, shi kuwa tun a na uku ya faɗo. Sai Sese ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya cak.

"Nato, wa ke bin ka? Ka jira mana! Daga farko."

Wani lokaci sau goma a waƙa ɗaya. Sai Mama Sieni, mahaifiyar Sese, ta buga ƙofa da ƙafa, ta shigo da faranti cike da gwaza da madarar kwakwa da naman gwangwani, ta ce in dai sun gama kiran aljanu su zo su ci abinci. Ita ce ta sa baki a wajen fasto lokacin da ya so ya kore su daga mawaƙan coci. Ita ce kuma ta tsaya a sahun gaba, da lema da fulawa a kunne, ranar da suka fara wasa a bainar jama'a a kasuwar Asabar, tsakanin mai sayar da kifi da mai sayar da atamfa.

Daga kasuwa sai gidan rediyon ɗalibai ya ɗauki waƙarsu. Daga nan sai bukukuwan bazara, inda samari dubu suka riƙa tsalle suna maimaita kalmomin da ba su san ma'anarsu ba. A shekara ta uku wani Bature mai suna Gavin ya zo daga Sydney da takardun wani kamfanin faifai, ya kwashe su a jirgi.

A can ne aka ce wa Sese ya mayar da baitin mahaifinsa Turanci, wai gidajen rediyon Ostareliya ba za su sa abin da ba sa ji ba. Sese ya ce ubansa bai taɓa yin kuka da Turanci ba. Ana cikin wannan ja-in-ja aka bugo waya cewa tsohon yana asibiti. A filin jirgi Nato ya riƙe kafaɗar Sese.

"Je ka, ɗan'uwa. Ba abin da za mu taɓa sai ka dawo. Za mu jira ka."

Kwana huɗu suka jira. A na biyar Gavin ya ce ɗakin ɗaukar sauti ba zai zauna haka ba, ga kuma wani yaro ɗan Sydney mai murya mai kyau, zai gwada kawai. Sauran ukun suka dubi Nato, domin shi ne babba. Nato ya gyaɗa kai. Shi da kansa ya buɗe littafin nan mai baƙin bango da Sese ya bari, ya fassara baitin.

Sese ya ji waƙar ne a rediyon mota, a wurin ajiye motoci na asibiti, mako biyu bayan jana'izar ubansa, ya je karɓo kayan mamacin. Labarin ubansa ne, a bakin wani, da wani harshe.

Waƙar ta yi mako tara tana kan gaba. Tama Lima suka zagaya Japan da Jamus da Amurka, faifai shida, lambobin yabo har Nato ya rasa bangon rataye su. Ba su canza suna ba. Da yaron Sydney ya bar su suka koma huɗu, duk ɗan jaridar da ya tambaya ina na biyar, Nato yakan yi murmushi ya ce ai 'yan kallo ne na biyar. Makon jiya ma ya faɗi haka a gaban kyamara, domin Gavin yana shirya fim na tarihin ƙungiyar kafin babban wasan cika shekara ashirin da biyar. Ya faɗa, aka tafa, ya koma gida ya kasa cin abinci. Washegari ya nufi gidan kawunsa.

Rana ta ɗaga. Zufa ta fara bin bayansa. Yana jin motsi a cikin gida: ƙarar cokula, an kunna famfo, an kashe. Sun san yana nan. Sau biyu labulen taga ya motsa. Ya rufe ido ya maimaita addu'ar da yake yi tun safe, cewa Allah Ya sassauta zuciyar Sese, ko da ba zai hau dandamali tare da su ba. Amma ya san a can ƙasan ransa yana son duka biyun.

Sai ya ji mota ta tsaya a bakin titi, aka ja ƙofarta ta gefe. Ya ji takun mutum uku, da ƙarar ƙarfe ana kafa ƙafafun kyamara a kan kwalta. Sannan wata murya da ya shekara ashirin da biyu yana bi.

"Kai, wannan abu ya yi kyau! Ɗauko shi daga nan, garejin ya fito a bayansa. Kada ku yi surutu, al'adarsu ce."

Gavin ne. Nato ne kuwa ya gaya masa. Ba gayyatarsa ya yi ba. Cewa kawai ya yi ba zai zo gwaji ranar Asabar ba, da aka tambaye shi dalili kuma ya faɗa, kamar yadda ya saba faɗa masa komai.

Ƙofar gida ta buɗe da ƙarfi. Talaleu ce, yayar Sese. Ko a mafarki ya san muryarta.

"Af! Ashe fim aka zo yi! Faleafa, da furfurarka? Ka ɗauko tabarmar uwarku ka kawo ta wasan kwaikwayo a ƙofar gidanmu? To ku jira in sa jan baki, kada in ɓata muku hoto!"

"Talaleu, 'yata, wallahi ba mu san da su ba," in ji Kawu Faleafa.

"Wancan da ke ƙarƙashi ya sani. Ya sayar da ubanmu, yau kuma kunyarsa ya kawo kasuwa."

Nato ya ji kawunsa ya matso, ya dafa gefen tabarmar. "Kada ka motsa," ya raɗa masa. "Ko me za a yi, kada ka motsa. In ka tashi, ka rushe komai."

Ya sani. In ya tashi, ifoga ta lalace, dangi sun kunyata. In ya zauna, kyamara za ta ci gaba da ɗauka, kuma duk wanda ya fito daga gidan nan don ya yafe masa, zai yafe ne a gaban duniya, da kiɗa mai taushi a ƙarƙashi. Ya ji Gavin yana cewa a matso da abin ɗaukar magana kusa da matar.

Ya yaye tabarmar ya miƙe.

Ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, ya faɗi a kan gwiwa ɗaya, ya sake tashi yana tangaɗi. Ya isa wurin kyamarar ya rufe gilashinta da tafin hannu.

"Kashe ta. Ka goge abin da ka ɗauka, yanzu, ina kallo."

"Nato, saurara," in ji Gavin. "Wannan shi ne zuciyar fim ɗin gaba ɗaya. Mutane za su yi kuka."

"An riga an yi kukan, ba ka nan. Kwashe kayanka ka bar titin nan, in ba haka ba ka nemi wani mai jita ranar wasa."

Gavin ya dube shi, ya ga ba wasa, ya yi wa yaransa alama. Motar ta tafi.

Da Nato ya juyo, dattawan duk sun sunkuyar da kai. Kawu Faleafa ya rufe fuska da hannu biyu. Tabarmar kakarsa na yashe a kan ciyawa. A bakin ƙofa kuwa, bayan Talaleu, wani mutum ne tsaye, mai ƙiba da furfura a gemu, sanye da rigar ma'aikatan ɗaukar kaya ta filin jirgi. Nato ya ɗan jima kafin ya ga Sese a cikin fuskar.

Sese ya sauko daga matakala a hankali. Ya tsaya ya dubi tabarmar, sannan ya dubi Nato.

"Na sa takalmi ke nan," ya ce. "Ƙafa ɗaya ta rage in ɗaura in fito in yaye maka. Sai na leƙo na ga ka yaye wa kanka."

"Sese, ban gayyace su ba. Na rantse da..."

"Na ji abin da ka gaya masa. Da ka faɗa masa haka a Sydney." Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Har yanzu a na uku kake faɗowa, Nato."

Nato ya dubi ƙofar gidan. Can ya ce, "Mama fa? Tana ciki?"

Talaleu ta juya ta shige gida.

"Ta rasu bara, a watan Yuni," in ji Sese. "Kowace Asabar sai ta sa an yanke ciyawar nan. Ta ce wata rana yaron nan zai zo ya zauna a kai, kada ƙwari su cije shi. Ita ta so ta yaye maka da hannunta. Ta ce ni ba zan iya yi da kyau ba."

Nato ya dubi ciyawar. An yanke ta, ba a fi kwana biyu ba.

"Wasanku kuma kada ka tambaye ni. Ba zan zo ba. Baitin nan na binne shi tare da mai shi."

"Na ji."

Sese ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki tabarmar. Ya kakkaɓe ciyawar da ta manne mata, ya gyara fukafukan bakinta ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gyara wa yaro kwalar riga. Kawu Faleafa ya sauke hannunsa daga fuska yana kallo. A iya shekarunsa bai taɓa ganin an yi haka ba, bai kuma san abin da al'ada ta ce a kai ba.

"Zauna," in ji Sese.

Nato ya koma gurbinsa, inda jikinsa ya kwantar da ciyawa, ya tanƙwashe ƙafafu, ya sunkuyar da kai. Ya ji nauyin tabarmar ya sauko masa a kafaɗu, haske ya ragu.

"Ina da aiki ƙarfe goma sha ɗaya, in tashi ƙarfe shida," in ji muryar Sese daga sama. "Daga farko."

Takun ya yi nisa. Aka tayar da mota, ta fita. Ta tsakanin zaren saƙar Nato ya sake samun gindin ƙofar gareji, ya kafa masa ido, ya fara jira.