Akwatin Da Sauransu

Lif, na'urar hawa bene, ya tsaya cak tsakanin hawa biyu, Gwaggo na ciki. Duk sanda ta danna maɓalli sai fankokin ginin su tashi, famfunan banɗaki su ɓalle da ruwa, injin buga takarda ya hau aman farar takarda.

Filla-filla ta faɗa ɗakin taro da gudu, kwamfuta a hammata. Ita ta rubuta manhajar da ke tafiyar da ginin, ita kuma ta gayyato Gwaggonta ta zo ta ga aikin hannunta. Ta tarar da Sama-sama, mai zana babban tsari, gaban allo yana kallon akwatunansa da kibiyoyinsa kamar mai kallon jikoki.

"A tsari dai lafiya lau," in ji shi. "Ga kibiya, daga maɓalli zuwa ƙofa."

"Wannan akwatin na tsakiya fa? Me ka rubuta a ciki?"

"Da sauransu."

"To, na yi sauransu!"

Ya juyo a hankali. "Kin yi me?"

"Da na tambaye ka su mene ne, cewa ka yi ƙananan abubuwa ba huruminka ba ne. Sai na bi ginin nan lungu-lungu, duk abin da ke da waya na haɗa shi, ko ina wayar ta nufa."

"Baiwar Allah, gajiya na yi da rubutu!"

Muryar Gwaggo ta fito ta lasifikar silin, don ita ma lasifikar tana cikin sauransu. "Ke 'yar nan! Akwatin gawa kika kira ni in gani?"

Filla-filla ta duba kwamfutarta. Ƙofa ba za ta buɗe ba sai komai ya gama nasa, Gwaggo kuwa duk dannawar da ta yi sai ta mai da komai farko.

"Gwaggo, don Allah ki daina dannawa!"

"In daina? Tun kina goye nake danna abubuwa suna aiki!"

Fankoki suka sake tashi. Sama-sama ya ɗauki alƙalami zai ƙara kibiya, ta fizge.

"Gwaggo," ta tausasa murya, "ɗaga hannu biyu ki sa mana albarka. Ki haɗa da dangi kaf."

Sai Gwaggo ta fara daga kakanni. Tana kan 'ya'yan Kawu famfuna suka ɗauke. Tana kan surukai injin takarda ya yi tari ya mutu. Lif ya ƙarasa hawa, ƙofa ta buɗe, amma Gwaggo ta ƙi fitowa sai da ta kai kan jikokin maƙwabta.

Filla-filla na rungume da ita a bakin lif sai wani mutum ya shigo, jiƙe sharkaf, takalmi a hannu.

"Daga ginin tsallaken titi nake," ya ce. "Wane ne a nan ya san yadda ake kashe mana ruwa?"