Hannun Staf a Cikin Kwaɓi

Mijina Staf ya haɗiye ƙwayarsa tun a mota, kafin mu hau matakalar tsohon siton da 'yarmu Nele ta mayar ɗakin aikinta a bayan tashar jiragen ruwa. Ya yi lissafinsa tsaf: maganin zai kama jikinsa daidai lokacin da za a fara, ya riƙe shi har a gama. Abin da ya manta bai sa a lissafin ba shi ne 'yar tasa, wadda tun da na haife ta ba ta taɓa fara abu a kan lokaci ba. Muka tarar hitar ɗumama ɗakin ta mutu, Nele na durƙushe a gabanta da sukudireba a baki.

"Ba zan tuɓe ku cikin wannan sanyin ba," in ji ta. "Ku sha kofi, yanzu za ta tashi."

Yanzun nan nata sai da ya cinye rabin safiya. Na zauna ina kallon agogon bango, Staf kuma ya cusa hannun damansa cikin aljihun kwat yana ta kewaya ɗakin, wai yana duba ayyukanta.

Aikin Nele shi ne mutum-mutumin mutane tsirara, kuma ba samari da 'yan mata masu sumul-sumul ba. Tsofaffi take nema, da masu tumbi, da masu tabon tiyata. A jikin mutum mai rai take ɗaukar siffa, ta zuba filasta a cikin siffar, ya fito da kowace tamoji da kowace jijiya. Babban nuninta na farko zai buɗe da bazara a wani gidan adana zane na cikin Antwerp, kuma abin da take so ta kafa a tsakiyar zauren shi ne iyayenta, a tsaye, zigidir, riƙe da hannun juna. Ni ban ja ba. Jikin da ya yi goyo ya yi shayarwa, likitoci suka gama jujjuya shi, me ya rage masa na ɓoyo? Staf ne abin mamaki, mutumin da ko a bakin teku a Oostende ba ya cire singileti. Nele na tambayarsa ya ce to, har ta ɗauka ba'a yake yi.

Ni na san dalili. Tun kaka hannunsa na dama ya fara rawa, likita ya duba ya faɗi sunan ciwon, ya kuma ce ba ya komawa baya. Wannan hannun kuwa da shi ya yi rayuwarsa duka yana goge lu'ulu'u, a unguwar da ke gefen tashar jirgin ƙasa. Nele tana ƙarama har dambe ta taɓa yi a makaranta da wata da ta ƙaryata cewa babanta na iya ɗaukar kofi cike taf ya hau bene da gudu ko ɗigo bai zuba ba. Ranar da muka dawo daga asibiti ya sa na yi masa rantsuwa ba zan faɗa mata ba.

"Ina so ta samu hannun nan yadda ta san shi, Fien," ya ce. "Sau ɗaya tak, a daskare. Bayan nan ya yi ta rawarsa har ya gaji."

Na ce masa taurin kai ne da girman kai, na kuma rantse, saboda haka muke da shi.

An riga an ɗauki kawunanmu, da bayanmu, da ƙafafu, a zama daban-daban. Duk waɗannan bai sha wahala ba, don yana riƙe da sanda, shi kuwa hannun muddin yana aiki lafiya lau yake. Sai an bar shi ya huta yake fara tsiyarsa. Yau ce ranar gaba, daga kafaɗa zuwa cinya, da hannuwanmu a haɗe, a sake. Na so mu sauya gefe ya ba ni hagunsa, amma tun ranar farko Nele ta tsayar da shi a haguna, kuma duk sauran sassan a haka aka ɗauke su. Ta ce haka muke tafiya tun da ta buɗe ido ta gan mu.

Da hita ta tashi muka shiga bayan labule muka tuɓe, muka fito cikin rigunan wanka. Nele ba ta kallon mutum yana cire kaya, dokarta ce, sai ya hau kan katako ya ce ya shirya. Muka hau, muka ajiye rigunan. Ta miƙo gwangwanin basilin.

"Baba, ka shafe gashin ƙirjin nan sosai. In ya maƙale, da shi zan ɓare, kuma ba zan ji tausayinka ba."

"Uwarki ta riga ta tuge rabinsa," ya ce. "Ragowar ne wannan."

"Ka ji tsohon banza," na ce. "Wanda ke kanka ma ni na tuge shi?"

Muka yi dariya mu uku, amma tasa ba ta kai ciki ba. Na ga babban yatsansa ya fara murza ɗan'uwansa a hankali, kamar mai ƙirga carbi, na san maganin ya fara sakinsa.

Nele ta jingina mu da wasu alluna biyu, ta gyara kafaɗuna, ta ɗaga haɓarsa, sannan ta durƙusa a gaban hannuwanmu. Nan ne na ji tsoro na gaske, domin idonta na ubanta ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Staf ya yi ta motsa yatsu, ya buɗe, ya rufe, ya sake kamawa.

"Baba, me kake yi haka kamar mai wasa da kyanwa? Ka tsaya mana."

"Ina neman yadda na saba ne."

"Ku riƙe sako-sako, kamar kuna yawo a bakin kogin Schelde ranar Lahadi. Mama, kada ki ƙanƙare gwiwa, suma za ki yi. Da na fara shafawa ba motsi, ba tari, ba surutu. In kwaɓin ya motsa kafin ya kama, ya lalace, kuma wanda ke cikin bokitin nan shi ke nan gare ni."

Irin kwaɓin nan ne da likitan haƙori ke cusa wa mutum a baki don ɗaukar siffar haƙora, sai dai nata bokiti guda ne, ga sanyi kamar daga firji. Ta fara daga kafaɗu tana gangarowa da sauri, tana mara shi a ƙirji da ciki da tafin hannu. Da ta zo kan hannuwanmu ta tara shi da kauri, ta dunƙule su ciki har wuyan hannu, suka ɓace. Ta wuce zuwa cinyoyinmu.

Ko juya baya ba ta gama yi ba hannun ya fara rawa. Na ji shi a tafina, ƙaramar karkarwa da farko, sannan ta yi ƙarfi, tana bugun yatsuna kamar tsuntsun da aka kama. Na saci kallo ƙasa ba tare da na sunkuyar da kai ba. Saman kwaɓin yana ɓari, ana gani ƙarara. Staf ya kafe idonsa a kan taga, gumi na tsattsafo masa a gefen kunne, yana ƙoƙarin tsayar da abin da ƙarfin zuciya, shi kuwa ciwon ba abin da yake so irin a matsa masa.

Kwaɓin bai kama ba tukuna. Na zame yatsuna a hankali daga tsakanin nasa, na kewaye bayan hannunsa, na danne babban yatsan da nawa, na matse gaba ɗaya na manna da cinyata. Hagu ce, hannun da ko murfin kwalba ba ya buɗe mini. Na zuba duk ƙarfin da nake da shi a cikinta. Ɓarin ya ragu, ya ragu, ya koma can ciki inda ni kaɗai nake jin sa.

Nele ta ɗago. Idonta ya biyo hannuna daga kafaɗa yana gangarowa.

"Wai ni kam," na ce da ƙarfi, "saurayin nan naki na garin Gent, zai zo buɗe nunin ko shi ma ya gudu kamar na bara?"

"Mama!" Ta zaburo, idonta ya dawo kan fuskata. "Na ce ba surutu! Ƙirjinki na motsi!"

"Tambaya ce kawai."

"Ki riƙe ta sai an gama. Haba! A ce mutum ko an binne shi cikin kwaɓi bakinsa ba zai huta ba?"

Na ji zafin abin da na yi mata, don na san inda na taɓa. Amma ta juya a fusace ta shiga jiƙa bandejin filasta, irin wanda ake ɗaure karaya da shi, ba ta ƙara kallon hannuwanmu ba.

Daga nan sai jira. Ta bi kwaɓin da bandeji, layi a kan layi, filastar ta fara ɗaukar zafi tana nauyi tana jan fata. Damtsena ya ƙage. Ciwon ya hau kafaɗa, ya shiga wuya, yatsuna suka mutu har ban san ko ina riƙe da shi ba ko na saki. Can na ji kunnuwana sun toshe, gefen idona ya fara duhu, na tuna na ƙanƙare gwiwa tun ɗazu. In na faɗi, da shi zan faɗi, da aikin yarinyar gaba ɗaya. Na saki gwiwar kaɗan, na ja numfashi ta hanci, ina zagin Staf a zuciyata, zagin da ban taɓa yi masa a fili ba. Shi kuma ta gefen baki, ba tare da leɓensa ya motsa ba, ya ce, "Fien."

Nele ta ƙwanƙwasa filastar da ɗan yatsa, ta ji ta yi ƙarfi. Ta ɗauko wuƙa marar kaifi ta tsaga gefe, ta ce mu ja ciki mu sunkuya, ɓawon ya rabu da jikinmu da wani irin sauti kamar an zare ƙafa daga laka. Muka zare hannuwa a hankali. Kafin ta ajiye ɓawon Staf ya riga ya zura rigar wanka, hannun ya koma aljihu. Ya dube ni, ya ɗaga gira. Wato mun tsira.

Shi wannan kwaɓi ba ya jira, in aka bar shi yana bushewa ya motse, don haka nan take ta dama filasta ta zuba a ramin hannuwan. Muka wanke jiki, muka zauna a bakin hita da sabon kofi. Ni da hannun dama na ɗauki nawa, hagun tana kan cinyata kamar ba tawa ba. Staf har ya fara maganar inda za mu ci soyayyen dankali a hanyar gida.

Da filastar ta kama, Nele ta kawo dunƙulen kan tebur ta shiga ɓare kwaɓin da yatsu. Nasa ne ya fara fitowa. Na rantse ban taɓa ganin hannun Staf da kyau haka ba: dogayen yatsu a miƙe, a natse, har da 'yar kantar da aiki ya bar masa a gefen manuniya, babu alamar ko gezau. Na ji ya sauke numfashi. Ya samu abin da ya zo nema.

Ta ci gaba da ɓarewa, nawa ya fito. Jijiyoyi sun miƙe a bayansa kamar igiyoyi, gaɓoɓin sun turo, babban yatsana ya nutse cikin namansa, farcena ya shige fatarsa. Ba mai yawo a bakin kogi da ke riƙe mijinta haka.

Nele ta daɗe tana kallo. Ta juya shi, ta sa yatsa ta bi ramin da farcena ya yi.

"Na ce sako-sako," ta ce a hankali.

"Tsoron faɗuwa na ji," na ce. "Jiri ya ɗebe ni."

"Mai jin jiri jingina yake yi, Mama. Wannan dannewa ce." Ta ɗago ta dubi ubanta, ta dubi aljihun rigarsa, inda yadin ke motsi shi kaɗai. Muryarta ta sauya. "Baba. Tun yaushe?"

Na buɗe baki zan sake wata ƙaryar, don rantsuwa rantsuwa ce. Staf ya girgiza mini kai. Ya zaro hannun daga aljihu ya ɗora a kan tebur, a gefen farin ɗan'uwansa na filasta, ya sake shi. Yana ta bugun katako, cokalin kofi na amsawa. Na ga kunya a fuskarsa wadda ban gani ba ɗazu da yake tsaye ba ko zare a jikinsa.

"Zan iya gyara na Mama," Nele ta ce, hawaye na zuba, tana magana da sauri. "Zan sake ɗaukar nata daban, in haɗa, ba wanda zai..."

"Ba za ki taɓa shi ba," ya ce. "Haka muke tafiya yanzu."

Ta miƙa hannunta mai farin filasta za ta rufe nasa, ta tsayar da shi.

"A'a," ya ce. "Uwarki ta danne tun kaka, dubi yadda ya mayar mata da hannu. Ke kada ki fara. Ki kalla kawai, ai aikinki ke nan."

Ta janye hannunta, ta jawo kujera ta zauna, ta kalla.